Injin Matse Lemo Ɗari Biyu

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da aikinki. Umma na gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi.

Na rubuto ne don a waya katse ni kike yi. Babban kantin kayan lantarkin nan na bakin tasha ya durƙushe, za a yi gwanjon abin da ya rage Asabar ta ƙarshen wata. A ciki akwai injin matse lemo guda ɗari biyu, sabbi fil a kwalinsu, farashin kamar kyauta. Zan sayar da babur ɗina in kwashe su gaba ɗaya. Na gaji da kai saƙon mutane cikin rana.

Kada ki ce ban yi bincike ba. Na tambayi mutum arba'in da ɗaya, kowa ya ce zai saya. Gwaggo ma cewa ta yi in ajiye mata biyu. Ke da kika yi jami'a, rubuto min tallan da zan liƙa.

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Umma da mutanen gidanka. Na ga wasiƙa, na kuma ga binciken. Cikin arba'in da ɗayan nan, mutum nawa ne ba ka taɓa cin abinci a gidansu ba?

Ka tsaya gaban Gwaggo da hular kwano a hannu, fuska duk zufa, ka ce za ka bar babur ka zama ɗan kasuwa. Me kake so ta ce? Ko fasasshen bokiti ka ce za ka sayar, biyu za ta ce ka ajiye mata. In ka koma ɗakinta ka ɗaga kai ka dubi saman kabad. Irin injin nan yana can tun shekarar da na gama sakandare, surukinta ya kawo mata. A kan kwalinsa take ɗora fitila.

Jiya na leƙa wurin mai gyaran kayan lantarki da ke ƙasan ofishinmu. Fanka da dutsen guga da rediyo har bakin ƙofa, da kyar na sami wurin tsayawa. Na tambaye shi injin matse lemo. Ya ce, "Anti, shekarata tara a nan, biyu aka taɓa kawo min. Ɗayan ma lafiyarsa ƙalau, matar ce ba ta san wurin kunnawa ba." Na ce ashe suna da ƙarko. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Abin da ba a kunnawa, ta ina zai lalace?"

Masu kantin sun sayar da fankoki da talabijin kafin su rufe. Waɗannan ɗari biyun ne suka tsaya suna jiranka. Ban ɗauka ƙauna ce ta sa ba.

Babur ɗin nan shi ke kai Umma asibiti, shi ke ciyar da gidanka. Kafin ka rabu da shi, ari injin Gwaggo, ka ɗora a tebur inda ba wanda ya san babanmu, ka ga wa zai sa hannu a aljihu. Maganar talla sai bayan nan.

Na bar ka lafiya.
Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Gaisuwa. Ku 'yan boko a takarda kuke kasuwanci. Mai gyaran nan naki kuwa dole ya kushe sabon kaya, da lalatacce yake cin abinci.

Mai sayen babur ya zo, ya zagaya shi, ya daddanna taya, zai dawo Juma'a. Amma don kada ki ce ban ji maganarki ba, na aro na Gwaggo. Na kuma aika wa 'yan uwa duka cewa ranar Alhamis ina bakin tasha da harkar injin matse lemo, kowa ya zo. Za ki ji labari.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ce ka je inda ba a san ka ba, ka gayyato dangi. Ba laifi. Ka tafi da lema da kujera, zaman zai yi tsawo.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. Sun zo. Mutum goma sha ɗaya, kowa da kwali a hammata. Sun ji na shiga harkar, shi ne suka kawo nasu in sayar musu. Matar Kawu biyu ta kawo, ta ce ko nawa aka taya in sallama. Gwaggo ta aiko cewa in riƙe nata, kwalin kawai take so saboda fitila. Cikin fasinjoji mutum ɗaya ne ya tsaya, shi ma cajar waya yake nema.

Sawu uku na yi da babur kafin in kwashe injinan. Da mai sayensa ya dawo Juma'a, na ba shi haƙuri.

Suna ɗakin Umma, guda goma sha uku. Har yanzu ina buƙatar tallan.

Ki huta lafiya.
Yayanki