Zaman Shirun da Majo Ta Koya Mini Ya Tono Muryar Babana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da shafin nan da duk wanda idonsa zai kai kan saƙona. Don girman Allah a sakaya sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su, domin Filinge ƙaramin gari ne, in ka yi tari a wannan unguwa sai a yi maka sannu a waccan. Ina roƙonku kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. In kun kai ƙarshen kunka zage ni, wallahi ba za ku faɗi abin da ban riga na faɗa wa kaina ba.

Ni bazawara ce, shekarata arba'in da ɗaya, ɗinki nake yi a gidan babanmu. Shekara huɗu Baba ya yi kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma tun da mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya, jinyar a kaina ta sauka. Ni ke juya shi, ni ke wanke shimfiɗa, ni ke kai masa fo in zubar, ni ke dama kunu in ba shi da cokali yana dalala a gefen baki ina sharewa. Sunan mahaifiyarsa anka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, "Uwata" yake ce mini. Ƙanena Isufu, wanda ke fataucin bisashe a kasuwar Baleyara, yakan zo wasu safiyoyi ya yi masa aski da wanka, ni kuma in samu in leƙa waje. Wata biyar ke nan da rasuwar Baba. Abin da kowa ya sani shi ne na bar shi yana barci na tahi gidan suna, bisa alƙawarin Isufu zai zo ƙarfe takwas, Isufu bai zo ba sai sha ɗaya, ya iske Baba ƙasa kansa ya bugi ƙarfen gado. Kafin la'asar ya cika. A wurin zaman makoki mata sai kama hannuna suke suna cewa, "Ke kam kin gama da duniya lafiya, Allah ya ba mu ɗiya irinki."

Bayan sadakar arba'in jikina ya fara ƙi. Ciwon kai da bugun zuciya sunka sa ni gaba. Nakan sa rediyo tun safe har yamma, in babu wuta in kunna waƙa a salula, in babu caji in tahi gidan maƙwabta in yi ta surutu. Ban iya zama wurin da babu ƙara. Da na je likita, majo, wato babbar mai jinya ta wurin, wata dattijuwa mai sanyin magana, ta auna ni ta ce tansiyo ya hau, wato hawan jini. Ta rubuta magani, sannan ta aje biro ta dube ni.

"'Yar uwa, ƙwaya kaɗai ba ta isa. Kina da wurin da za ki zauna ke ɗaya na minti biyar?"

Na ce ina da shi, gidan ma ni kaɗai ce yanzu.

"To bayan kin gama asuba da azkar, kada ki tashi. Zauna kan tabarmarki, ki miƙe baya, hannu bisa cinya, ki rufe ido ko ki dubi ƙasa. Ki bi numfashinki, shigarsa da fitarsa, ki ƙirga har goma ki sake daga ɗaya. Tunani zai zo, dole ne. Kada ki yi kokawa da shi, kada ki bi shi. Ki gan shi, ki koma kan numfashi. Minti biyar kawai, sai kin saba ki ƙara."

Na ji tsoron ko wani abin ne da addini bai yarda da shi ba, na tambayi malamarmu ta makarantar matan aure. Ta ce natsuwa ai ita ake nema ko a cikin salla, in ina so ma duk fitar numfashi in ce astagfirullah a zuci. Sai na fara. Ranar farko ban kai uku ba hankalina ya tahi kan wata rigar amarya da ban gama ba. Rana ta biyu ƙafata ta yi sanyi, sauro ya dame ni, na yi dariyar kaina. Wajen kwana biyar na fara jin daɗin abin, kafaɗuna sunka saki, na ji kukan tattabaru da ban san muna da su a soro ba. Na ce ashe akwai sauƙi a duniya. A kwana na bakwai ne, na kai ƙirga shida, gidan ya yi tsit, sai na ji shi sarai kamar yana ɗakin: "Uwata. Uwata."

Jama'a, ba aljani ba ne, ba mafarki ba ne. Abin da na sani ne nake ta binne shi da rediyo. Baba ba barci yake ba ranar nan. Na yi wata huɗu ban je sabgar kowa ba, ƙawata ta yi jika, na ɗinka wa kaina sabuwar atamfa, na yi lalle, na turara jikina. Na kai zaure, hannuna bisa ƙofa, sai ya kira ni. Na san irin kiran, kiran fo ne. Na tsaya. Ya sake kira. Na dubi lallen hannuna, na tuna warin da zai kama kayan, na ce a raina, shekara huɗu, yau ɗaya dai, ai Isufu na hanya. Kira na uku ya fi sauran ƙarfi, da wannan harshe nasa mai nauyi. Na ja ƙofar a hankali don kada ya ji fitata. Na je na ci shinkafa da nama, na yi hoto, har rawa na taka. A lokacin nan shi yana jan jikinsa zuwa bakin gado don kada ya ɓata mini shimfiɗa, domin kullum kunyar hakan yake ji. Wace irin ɗiya ce ke jin kiran ubanta sau uku ta ja ƙofa? Minti nawa zai ɗauke ni? Atamfa ba a wanke ta?

Na koma wurin majo na ce zaman nan ba ya yi mini, abubuwa yake tasowa da su. Ta ce, "Hakan na faruwa. Ruwan randa in ya kwanta ne ake ganin abin da ke ƙasa. In ya yi nauyi ki buɗe ido, ki rage lokacin, kuma ki samu wanda kika yarda da shi ki hwaɗa mishi. Ko ni ce." Na buɗe baki, sai na ga mata cike da benci a bakin ƙofa, rabinsu waɗanda sunka zo mini gaisuwar rasuwar Baba ne. Na ce ba komai, kewa ce. Na daina zaman kwana uku, amma muryar ta riga ta san hanya. Yanzu ko a cikin sujada tana zuwa. Sai na koma zaman, ba don neman sauƙi ba, don ina ganin jin kiran nan kullum shi ne ɗan abin da ya rage in biya.

Da a kaina abin ya tsaya da ban rubuto muku ba. Abin da ya makarar da Isufu ranar nan shi ne matarsa Rabi, tana da ƙaramin ciki, ta ce ya kai ta awo a kan moto, wato babur, layi ya yi tsawo. Tun ranar bai sake dubanta da idon rahama ba. Komai ta yi laifi ne. Ya ce da bakinsa, gaban mutane, ita da cikinta sunka kashe masa uba. Wata biyu da sunka wuce ya yi mata saki ɗaya, ta koma gidansu a Bonkuku. Ya rame, ya bar zuwa kasuwa, bisashensa wani ke kai masa. Ni kuma ina kallo, har ina cikin masu ba shi haƙuri.

Wata safiya ya shigo ya iske ni zaune bisa tabarma ido rufe. Ya tsaya har na gama.

"Yaya, mi kike yi haka?"

Na gaya masa abin da majo ta koya mini.

"Koya mini. Wallahi kaina kamar kasuwa yake."

Ku ji rashin kunya irin tawa. Na shimfiɗa masa tabarma kusa da ni, na ce miƙe baya, aje hannu, bi numfashi, in tunani ya zo ka gan shi ka koma. Munka rufe ido. Ba a yi minti biyu ba na ji numfashinsa ya sarƙe, ƙato mai gemu yana kuka kamar ɗan yaye.

"Yaya, ƙasa nake ganinshi. Idonshi buɗe, yana duban ƙohwa. Ni yake jira. Ke kin yi naki, kin bar shi yana barci lahiya, ni ne ban zo ba."

Gaskiyar ta zo mini har baki. Na ji ta, na ji ɗacinta. Kun san abin da na ce? Na ce, "Koma kan numfashi, Isufu. Ƙaddara ce." Tun ranar kusan kullum yana zuwa mu zauna tare, yana ce mini zaman na ɗan rage masa, yana sa mini albarka. Ni kuwa ina gefensa ina jin Baba na kirana.

Shekaranjiya Rabi ta kira ni. Cikinta ya shiga wata tara. Ta ce, "Yaya, ke kaɗai yake jin maganarki. In na haihu bai maida ni ba idda ta cika, kuma babanmu ya rantse ba zai sake ɗaura wani aure da shi ba. Don Allah mi na yi? Awo ne kawai na je." Na ce zan yi masa magana. Na yi, ya ce in bar zancen, duk lokacin da ya ga fuskarta gawar Baba yake gani. Na san magana ɗaya ce za ta juya shi, kuma tana bakina.

In na faɗa, na san Isufu, ba zai sake taka gidan nan ba, kuma shi kaɗai ya rage mini a duniya. Dangi za su ji, gari zai ji, matan da sunka kama hannuna za su tofar. Shekara huɗun da na yi ina wanke kashi za ta tashi a banza saboda safiya ɗaya, kuma wataƙila haka ya dace. Ban ma da tabbacin zai maida Rabi, yana iya haɗa mu duka ya tsana. In na yi shiru, yaro zai zo duniya a gidan kakanninsa, uwarsa na ɗauke da laifin da nawa ne. Na yi istigfari har bakina ya bushe, amma malamarmu ta sha faɗa mana cewa hakkin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Mai hakki na farko yana kabari, ta ina zan roƙe shi? Sauran biyun suna kirana Yaya.

Ungozoma ta ce wa Rabi bai fi mako biyu ya rage mata ba, kuma gobe bayan asuba Isufu zai zo mu zauna. Don Allah masu ilimi da waɗanda sunka taɓa ɗaukar irin wannan kaya, ku ba ni amsa kafin ta haihu. Me zan yi?