Hafsa na neman izinin ƙara zama

Assalamu alaikum Yaya Malam,

Ka yi haƙuri da na dame ka. Ina fata kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Maganar 'yarka Hafsa ce. Wata uku ke nan da jami'arsu ta tura ta arewacin Kanada, inda suke auna ƙasar da ta daɗe a daskare, yanzu take narkewa. Ranar Asabar kuma tana koya wa yaran garin abin da suka gano. Shekaranjiya ta kira ni ta ce, "Umma, suna so in ƙara wata shida saboda yaran. Amma sai kin yarda."

Na ce ina jiye mata sallarta, tunda shafaƙi ba ya ɓacewa a can, ba ta gane shigar isha. Ta ce to.

Yaya, ba duka gaskiyar na faɗa ba. Abbanta yana jami'a tun safe, ni kaɗai nake wuni a bene a unguwarmu ta Bukit Jalil, nan Malesiya. In na sauka kedai, wato kanti, har yanzu abincin mutum uku nake saye. Ina tsoron kada in fake da addini alhali kewa ce.

Ka faɗa mini hukuncin sallar can. In akwai mafita, ba ni da hujjar hana ta. Ranar Juma'a za ta ba su amsa.

Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a. Don Allah ka amsa mini da wuri.

Ƙanwarka,
Binta