Takwas a Kasko, Ɗaya a Gwangwani

Sakkwato, 3 ga Maris

Ƙanwata Mashkura,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da Baba. Aikina na gama jami'a ya tsaya, sai da hannunki. Kin san ramukan kurkudu na gindin rumbunmu? Cikinsu akwai na wata tsutsa marar ƙafa, ita ma rami takan gina ta kama tururuwa. Ɗiyar wani ƙuda ta. Malamina ya ce ba a gane danginta sai ta zama ƙuda, a duba baki, dogo ko gajere, da jijiyoyin fiffike. Ki kiwata su cikin rairayi mai laushi. Wanda ya hito ki sa shi kwalbar sifirit da na aiko, ki ba Lawwali direba kahin ƙarshen Mayu. In ban samu ba, sai in maimaita shekara.

Ki huta lafiya. Yayanki, Isma'ila

Goronyo, 20 ga Afrilu

Yayana abin alfaharina,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya, ka zauna kahin ka karanta.

Guda tara na samu. Na tankaɗe musu rairayi a kwano, na tura ƙarƙashin gado. Ban gaya wa kowa ba. Mi zan ce, ina kiwon tsutsa? Shekaranjiya na dawo daga Islamiyya, gida duk ƙamshin gyaɗa. Inna tana gaban kasko, ta ce, "Allah shi yi miki albarka, 'yal nan, wanga rairayi naki ko tsakuwa guda babu!" Da shi ta soye gyaɗar. Har ta zuba mini a hannu, na karɓa.

Takwas sunka tahi. Na taran shina gwangwanin madara, bayan littattafaina. Tun farko na ware shi, na sa mai suna Mujaheed, sunan saurayin labarin da nike karantawa, don shi ma wuni yake yi shina jira bai gajiya. Ban so gaya maka ba. Niyyata in ya yi fiffike in sake shi.

Ka yahe mini. Taka, Mashkura

Sakkwato, 24 ga Afrilu

Mashkura,

Salamu alaikum. Abokaina sun sha dariya, ni ban yi ba. Yanzu ramukan duk ruwan farko ya shahe su, babu inda za a samo wasu. Ba ni tilasta miki. Amma Mujaheed kaɗai gare ni.

Yayanki

Goronyo, 26 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya hito jiya da hantsi, siriri kamar sauro. Na kai shi bakin taga, na daɗe tsaye, sannan na sa shi kwalbar sifirit. Ga shi nan hannun Lawwali. Bakinai dogo na, na duba kahin in ruhe. Inna ta aiko maka da gyaɗa, ba waccan ba ta.

Ka ba shi sunan da kuka ga dama a takardarku. Nashi na liƙa jikin kwalba, kada ka ɓare.

Wassalam. Mashkura