Mayen Ƙarfe

Zuwa ga Amaryata,

Gaisuwa mai yawa daga tsohon angonki, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya baƙunta? Babanki da kowa na gida suna gaishe ki.

Saƙonki ya iso. Na karanta takardar a tsaye, na zauna na sake karantawa, sannan na fita da ita shago ina nuna wa duk wanda ya shigo. Jikata ta zama injiniya, har an ɗauke ta aiki a ɗakin bincike! Mai walda na kusa da mu ya faɗi wani abu, ban ji ba, amma na ga haƙoransa duka a waje. Da kakarki da kika ci sunanta tana raye, da yau maƙwabta ba su huta ba.

Kin san waya ba ta da amfani a wurina tun da ƙarar inji ta cinye mini kunnuwa. Shi ya sa kullum nake sa wa malamin ajin yamma albarka, wanda ya kama hannuna ina da furfura ya koya mini baƙi da wasali. Kunne ya tafi, idon hagu ya tafi ranar da dutsen wasa wuƙa ya fashe, amma da na daman nan ina jin muryarki a takarda sarai.

Sai kwalbar baƙin ruwan da kika haɗo. Kin ce garin ƙarfe ne mai laushi fiye da toka aka dama a cikin mai. Na kara masa mayen ƙarfen da kika turo, wanda ku 'yan boko kuke ce wa maganaɗisu, sai ruwa ya miƙe ya yi ƙayoyi kamar bushiya. Na janye, ya kwanta. Tun ba a haifi babanki ba nake fere ƙarfe a inji, na san shi da zafi na san shi da sanyi, amma ban taɓa ganin ya tashi tsaye yana gaisuwa ba.

Kin ce da shi kuke toshe bakin sandar da ke juyawa, maye ya riƙe ruwan kamar zobe, ƙura ba ta shiga, iska ba ta fita. Mu roba muke sawa, sanda ta cinye ta, a dawo mana da aiki. Ke kuma kin sa ruwa gadi. Tazarar da ke tsakanin sandar da gidanta, ta kai kaurin gashi? Ki rubuto mini, ina son sani.

Mayen naki kuwa bai fi kan yatsa ba, amma ya cije ni sai da fata ta tashi. Namu na shago, wanda muke cire wa juna ƙaiƙayin inji da shi in ya faɗa ido, kusa da naki tsoho ne marar haƙori. Da na kawo shi kusa da fuska don in ga ƙayoyin da kyau, sai na ji idona na dama ya yi tsam, kamar an ja zare a ciki. Wani tsohon ƙaiƙayi ne da ya shige tun da daɗewa ya ƙi fita. Mun saba da juna.

Kada ki ji a bakin wani ki tsorata: hannuna na hagu yana ɗan sakin kofi, kaina kuma yana sara. Likita ya ce mako mai zuwa za a sa ni a wani babban inji mai kama da bututu a ɗauki hoton kaina. Wata ma'aikaciya ta rubuta mini tambaya, wai akwai ƙarfe a jikina? Na ce babu, sai dai raina, wanda jikata ta ce na ƙarfe ne. Ta yi ta dariya.

Allah ya yi miki albarka, ya kama hannunki a aikin nan.

Ni ne angonki na farko,
Kaka.

*

Zuwa ga Kaka, tsoho mai ran ƙarfe,

Ina gaisuwa da girmamawa. Yau ba tsokana na zo yi ba, Kaka. Ka zauna ka karanta wannan a hankali.

Kada ka shiga injin nan. Ko sun kira sunanka, kada ka shiga.

Bututun da likita ya ce maka, maye ne gaba ɗayansa. Wanda ya cije ka a yatsa ko jikansa bai kai ba. Yana iya fizge kujerar ƙarfe daga wancan ƙarshen ɗaki. Shi ya sa matar ta tambaye ka ko akwai ƙarfe a jikinka. Ku a shago abin da ya faɗo daga bakin wuƙar inji ba ƙarfe ba ne, ƙaiƙayi ne, abin sharewa. Maye bai san wannan sunan ba, Kaka. A wurinsa duk ƙarfe ne.

Ka tuna yadda ruwan kwalbar ya miƙe. Garin da ke ciki a kwance yake, kowace ƙwaya ta fuskanci inda ta ga dama. Da maye ya matso, sai duka su juya su fuskance shi, su yi ta ja zuwa gare shi, su tafi da man da ke kewaye da su. Idonka ma ruwa ne a cikin 'yar jaka, kuma akwai ƙarfe a ciki. Tsam ɗin da ka ji, shi ne ya motsa. Bambancin kawai, na kwalba gari ne mai laushi, naka kuwa yana da baki kamar wuƙa.

Ban jira takarda ba. Ina gama karanta taka na kira Baba yana tsakiyar aiki, inji na ƙara. Na ce masa kada a kai ka sai an duba idon, in da hali a cire abin. Ya ce to, ya ji. Akwai likitocin ido masu wannan aikin, akwai kuma wani injin hoton da ba ya amfani da maye. Kuma don Allah ka ajiye wanda na turo maka nesa da fuskarka. Ban san da ƙaiƙayin nan ba, da ban haɗo shi ba.

Tazarar da ka tambaya, kusan kaurin gashin ce, ka canka. Zan zana maka hoton yadda take in hankalina ya kwanta. Idon nan kaɗai ne ƙofar da nake shigowa in same ka, ka riƙe mini shi da kyau.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Taka har kullum,
Amarya.

*

Zuwa ga Mamana,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Kin kira kuma na ce miki da sauƙi. Ba da sauƙi ba ne, shi ya sa na rubuto.

Ranar da kika kira, na kashe inji na je na sami kakanki. Na rubuta masa da alli a jikin ƙofa: ta ce sai an cire ƙaiƙayin. Ya yi dariya, ya ce, “Wannan ai aikinmu ne, me za mu je yi layin asibiti?” Ni ma haka na gani. Tun ina ƙarami haka ake yi a shagon nan, ya sha cire mini, na sha cire masa.

Ya zauna a benci bakin ƙofa inda haske yake. Na buɗe fatar idon da yatsu, na kara tsohon mayenmu, bai yi komai ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da naki. Ya ce, “Gwada na amarya, wannan ba ya wasa.” Na goge shi da tsumma mai tsabta, na matso da shi a hankali. Ya ce wash, ya kama wuyan hannuna. Na janye mayen. Can ya ce, “Wa ya rufe ƙofa?”

Ƙofa a buɗe take.

Mai walda ne ya kai mu asibiti. Likitan ido ya ce wanda muka saba cirewa a saman ido yake zama, wannan kuwa can ciki yake, ya yi shekaru nama ya riƙe shi. Da ya taso sai ya yanko hanya, jini ya cika idon. Sun yi aiki sun fitar da shi, bai kai ƙwayar yashi ba. Mun jira jinin ya washe. Ya washe, gani bai dawo ba. Jiya likita ya ce mu daina sa rai.

Hoton kan an ɗauka da wancan injin da kika ce. Hawan jini ne, an ba shi ƙwayoyi, hannun ya yi sauƙi.

Takardarki ta iso muna asibiti. Na karanta ni kaɗai. Na ga kin ce a duba, kin ce likita. Ni “cire” kawai kunnena ya ɗauka.

Yanzu yana zaune a ɗakinsa da takardar a hannu, wani lokaci a juye. Ba ya ji, ba ya gani. Ina rubuta masa a tafin hannu da yatsa, yana gane gajeru: ci, sha, sallah. In na ja magana sai ta ɓace masa, ya ce in sake. Kullum sai ya tambaye ni, “Me ta ce?” Na rubuta masa “gaisuwa”. Ya ce, “Takarda mai kauri haka, gaisuwa ce kawai?”

Ya hana a gaya miki da wane maye aka yi. Na kasa ɓoyewa. Tun ranar ban kunna inji ba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki.

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta. Na rufe kaina a ɗaki na yi kukan da zan yi. Ba zan ce komai a kan laifi ba, ni na turo, kai ka riƙe, shi ya miƙo. In muka tsaya rabawa babu wanda zai kula da shi.

Na nemi izinin zuwa gida, an ce sai ƙarshen wata. Kafin nan ga wani abu a cikin kwali. Akwai injin sassaƙa a wurin aikinmu, na roƙa aka bar ni da shi bayan an tashi. Ban ƙware ba, na ɓata guda kafin wannan ya fito.

Ka ɗora masa a cinya, ka sa hannunsa a kai. Kada ka taimake shi, kada ka rubuta masa komai a tafi. Ka bar shi da shi.

Ka kunna inji, Baba. Yana jin motsinsa a ƙasa ta ƙafafunsa, ya taɓa gaya mini.

'Yarka.

*

Zuwa ga Amaryata,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun. Babanki yana riƙe mini rula ina bin gefenta. In layi ya hau layi ki raba su da kanki.

Na karanta! Ni da kaina na karanta, ba wanda ya gaya mini. Tun hantsi nake lalube har rana ta bar bakin taga, na ji ta sauka daga kafaɗata. Da farko na ɗauka murfin wani abu ne. Sai yatsana ya faɗa cikin harafin M da kika sassaƙa. MAI RAN ƘARFE, AMARYA NA GAISUWA, INA TAFE. Na yi ihu, ban san ƙarfinsa ba, sai na ji mutane suna taɓa ni ta ko'ina.

Tagulla ce, na gane ta da wari. Maye ba ya kama tagulla. Na gane abin da kike nufi.

Ba ki manta lanƙwasar Ƙ ba, malamina zai so ki. Kin bar ɗan tsini a kanta, ya yanke ni a yatsa. Babanki ya kawo magagari zai goge, na hana. Ta nan nake gane sama da ƙasa.

Duhun yana da yawa, Amarya, ba zan ɓoye miki ba. Dare da rana duk ɗaya, kuma babu wanda yake magana a ciki. Babanki in ya gama rubutu a tafina, ba ya saurin sakin hannuna. Ki yi masa magana, shi yana da kunne.

Yau ƙasa ta yi motsi ƙarƙashin ƙafata.

Ki turo wani kafin ki zo. Ki sa magana da yawa, da hoton tazarar nan. Yatsuna duka suna nan.

Angonki,
Kaka.