Kazar Isyaku da Takardar Turai

Ƙofar Ruwa, Kano.

Zuwa ga Yaya 'Yardada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata ke da Alhaji da yara kuna lafiya, kuma ruwan Fatakwal bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan kowa ƙalau, Inna ma ta samu sauƙi har tana fitowa tsakar gida da kanta.

Ranar Litinin kwamitin jami'a mai duba ayyukan bincike ya karɓi takardar 'yarki Turai, bai mayar mata da ita gyara ba. Kwafi ɗaya na cikin ambulan ɗin nan, shi ya sa na rubuto ta hannun Malam Audu direba. Shafi sittin da huɗu ce. Na karanta ta sau biyu da jan biro a hannu, kamar yadda na saba shekara talatin a ɗakin labarai, waƙafi uku kawai na samu na gyara.

Aikin a kan ƙwayar nan ne da 'yan kasuwa ke jefawa tsakanin buhunan wake, a rufe sito, ta narke ta zama iska mai kashe ƙwari. Tambayarta ita ce, nawa mutum zai shaƙa, kuma na tsawon wane lokaci, kafin ta yi masa illa: minti goma, rabin awa, awa ɗaya, har zuwa awa takwas. Kowace lamba ta rubuta, sai ta faɗi inda ta samo ta, ko gwaji ne a kan ɓeraye ko rahoton asibiti ne, da shekarar da aka yi, da dalilin da ya sa ta rage ta saboda tsofaffi da masu asma. Inda ta fi burge ni shi ne gurbin da ta bari babu komai. An so ta sa adadin da mutum zai fara jin alamar gargaɗi, ta ce ba ta samu hujjar cewa wannan iska tana gargaɗi kafin ta yi ɓarna ba, kuma ba za ta rubuta lambar da ba ta da madogara ba. Na san editocin da suka tsufa ba su koyi wannan ba.

To, ga inda maganar ta shigo gida. Kin san ƙanenmu Isyaku da sitonsa na wake a bayan kasuwa. Al'adarsa, wadda ya gada wurin maigidansa, in an buɗe sito sai a jefa kaza ciki. In ta zaga ta fito da ƙafarta, sai 'yan dako su shiga. Turai ta je ta tsaya da agogo. Kazar minti huɗu ta yi a bakin ƙofa, inda iskar waje ke kaɗawa. Malam Gambo, dattijon 'yan dakon, awa ɗaya da rabi ya yi can ƙurya, yana haki, fuskarsa manne da buhu. Ya fito yana jiri da amai, Isyaku ya ce yunwa ce, ya aika a sayo masa fura. Wannan labari yana shafi na arba'in, ba a ambaci sunan kowa ba, amma Isyaku ya gane sitonsa.

Ransa ya ɓaci. Ya ce min yarinyar da ya saya wa allon farko ita ce yau za ta koya masa wake, kuma shekara ashirin kazarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Turai ta durƙusa ta ce masa ita ma ba ta ce kazar ta yi ƙarya ba, sai dai ba a taɓa ɗora mata buhu ba. Har shi sai da ya yi dariya, amma bai sauko ba.

Ranar Alhamis mai zuwa zai sake buɗe sito, mutum shida ne za su shiga, har da Malam Gambo. Abin da Turai ke roƙo kaɗan ne: a bar ƙofa da tagogi a buɗe, kada kowa ya shiga sai ta auna ƙuryar ɗakin da na'urar da ta aro. Ni ya ɗauke ni ɗan boko mai goyon bayan 'yar yayarsa. Ke kuwa bai taɓa tsallake maganarki ba. Don Allah ki kira shi kafin Laraba.

Inna tana gaishe ki, haka Jummai da Maryam da Mikail. Ki gaishe min da Alhaji da su Auwalu. Jiya Malam Gambo ya aiko cewa shi da mutanensa sun yanke ba za su shiga ba sai an auna. Ban ji wannan daga bakin sauran biyar ɗin ba tukuna.

Wassalam, ƙanenki,
Ɗahiru.