Yatsana Ne Ya Buɗe Durowar, Amma Ba Ni Na Ba Da Maganin Ba

Assalamu alaikum Hajiya Bahijja. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Ni nas ce a wani asibitin kuɗi a Gwale, shekarata goma sha bakwai ina aikin nan, ba a taɓa kirana ofis kan na cuci majiyyaci ba sai yanzu.

Wata huɗu da suka wuce mai asibitin ya kawo mana wata na'urar ba da magani. Kamar firij take, da durowa-durowa. Ki ɗora babban yatsanki, ki zaɓi sunan majiyyaci, durowar maganinsa ta buɗe. Ranar da aka kafa ta aka ce mana kuskure ya ƙare. Ni dai tun ranar hankalina bai kwanta ba, don na lura duk wanda ya taɓa ta sai ta rubuta sunansa da lokaci. Na ce a raina, wannan ba don majiyyata aka kawo ta ba, don a samu wanda za a ɗora wa laifi ne.

Ran wata Litinin da safe abokiyar aikina Murja ta zo hannunta jawur da lalle, an yi bikin ƙanwarta. Na'urar ta ƙi karɓar yatsanta, ta gwada ya fi sau biyar. Ta roƙe ni in sa mata nawa. Kowa yana yi wa kowa haka, har shugabarmu ta sani. Na sa mata, na wuce wanke wa wata mata ciwo. Maganin Baba Isiyaku ta ɗauka, wani dattijo baduku daga Kasuwar Kurmi da aka kwantar saboda ciwon suga.

Bayan azahar na shiga ɗakinsa na tarar gumi ya jiƙe masa riga, yana rawar jiki, bai ma gane 'yarsa Uwani ba. Na gwada sugansa, ya faɗi ƙasa warwas. Na kira likita, muka ɗaura masa ruwa, Allah ya sa da sauran kwana. Da na duba fatar maganin a kwandon shara, sai na ga ƙwayar da aka ba shi ta ninka wadda likita ya rubuta ƙarfi.

Murja ta ce ita abin da durowa ta buɗe mata shi ta ɗauka. Ɗalha, mai haɗa magungunanmu wanda shi ke cika na'urar, ya ce shi daidai ya zuba, kuma na'ura ba ta kuskure. Washegari na buɗe durowar da kaina, na ga ƙwayar daidai ce a ciki. Wa ya canja? Shi kaɗai ke da izinin cika ta. Tun ranar ba ya iya haɗa ido da ni, ita kuma Murja kullum tana wajensa suna ƙus-ƙus. Ko dai ni ce nake ganin haka, ban sani ba.

Yanzu an ba ni takarda in sa hannu cewa ni na fitar da maganin na ba shi, tunda sunana na'urar ta nuna. An ce gargaɗi kawai za a yi mini, magana ta mutu. Abin da ya fi damuna, Uwani kullum sai ta tsayar da ni tana sa mini albarka wai na ceci mahaifinta. Ba wanda ya gaya musu abin da ya faru. In sa hannu? In tona Murja, ga ta da marayu uku? Ko in ajiye aikin?

Taku,
Nas mai damuwa, Gwale

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba Isiyaku lafiya, ya saka miki da kika lura da wuri.

Kada ki sa hannu a takardar nan. Abin da ke cikinta ba gaskiya ba ne, kuma in kika sa, bincike ya ƙare ke nan, durowar da ta ba da ƙwayar da ba ita ba tana nan tana jiran wani majiyyacin.

Amma ke ma da naki. Aron yatsa kamar sa hannu ne a farar takarda, kuma cewa kowa yana yi bai wanke ki ba. Ki rubuta naki bayanin, ki fara da wannan laifin naki. Sannan ki faɗi abin da idonki ya gani kawai: kin buɗe, Murja ta ɗauka, ga fatar maganin, ga abin da kika tarar washegari. Kafin ki miƙa, ki samu Murja ke da ita ki gaya mata abin da za ki rubuta, ki ba ta dama ta je da ƙafarta. Wanda ya kai kansa ya fi samun sassauci.

Maganar Ɗalha kuwa, zato kike yi. Mutum na iya kauda ido don tsoro ko kunya, ba lallai don ya ɓoye wani abu ba. Na'urar da kike zargi ita ce za ta raba gardama, domin yadda ta rubuta sunanki, haka ya kamata ta rubuta wanda ya buɗe ta ya cika, da ranar, da lokacin. Ki nemi a fito da wannan a rubuce.

Ban yarda cewa don tarko aka kawo ta ba. Ke kin fi ni sanin irin kuskuren da mummunan rubutun likita ke jawowa, wanda na'urar ke ragewa. Sai dai wanda ya ce muku kuskure ya ƙare shi ya fara cutar da ku, don ya sa an daina karanta jikin magani. Ku nemi a ba kowannenku tasa lambar sirrin saboda masu lalle, a kuma sa mutum biyu su riƙa duba abin da ake zubawa.

Uwani da mahaifinta suna da haƙƙin sani. Ki nemi likitan ya zauna da su, ke ma kina wurin. Zai yi miki nauyi, amma ya fi ki ci gaba da amsa godiyarta kina sunkuyar da kai.

Kada ki ajiye aiki. Asibitin nan yana bukatar nas mai duba kwandon shara. Allah ya bayyana gaskiya, ya tsare miki mutuncinki.

Hajiya Bahijja