Ranar da Kuka Kwashe Mu Daga Gidan Masu Jinya

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Gidan Masu Jinya, Bodinga.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka gaisuwar da talaka ke yi wa babba, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Sunana Garba, manomin albasa ne ni a Lambara. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka ana ce mini kana taro, shi ya sa na rubuto ta jarida, inda kowa zai gani.

Ka fi ni sanin asalin wanga gida. Marigayiya Hajiya Kulu mai man gyaɗa ce ta gina shi kusa da asibiti a birnin Sakkwato, ta bar shi wakafi don mutanen Bodinga da Shagari da aka kwantar da 'ya'yansu, su sami wurin sa haƙarƙari da murhun dafa abinci. Ku riƙo aka ba ku, ba gado ba.

Na farko, abin da ya kai mu. Bayan girbin gero zazzaɓi ya kama ɗiyata Saratu, 'yar shekara shida, har ya shanye mata jini. Aka kwantar da ita. Uwarta Hajo ke zama da ita a ɗakin yara, ni kuma na sauka gidan nan tare da tsohuwata da ƙanen Saratu da aka yaye. An gwada jinina ya dace da nata, an ɗiba sau ɗaya, likita ya ce kada in yi nisa. Na ce ina Gidan Masu Jinya. Ya ce to madalla, nan suka saba aikawa. Mako uku muka yi. A wannan tsuke bakin aljihun da sabulu ma ya zama abin nema, Inna Dije mai kula da gidan ba ta bar kowa ya kwana da yunwa ba. Wannan na shaida, kuma na gode.

Na biyu, ranar Alhamis ɗin nan. Da hantsi sakatarenka ya zo da babbar mota, ya ce kowa ya tattara kayansa, babban baƙo na jam'iyya zai zo buɗe gidan. Gidan da ya shekara da shekaru a buɗe! Na ce masa likita ya hana ni yin nisa. Ya ce: "Malam, awa biyu ce, hau mota kar ka ɓata muna lokaci." Na roƙa a bar ni in leƙa asibiti in gaya wa matata. Ya ce babu hali, baƙo ya taso. Tsohuwata ba ta gani sosai, an riga an ɗora ta da yaron. Na hau. Aka kai mu wata firamare can bayan gari, aka sauke mu da tukwane da tabarmi, mota ta juya.

Na uku, abin da ya faru bayanmu, kamar yadda Hajo da Inna Dije suka faɗa mini. Wajen azahar jikin Saratu ya rikice, aka ce a kira uban. Hajo ta fito da gudu ko takalmi babu. Ta iso Gidan Masu Jinya, ta tarar da rumfuna da makaɗa da lasifika, da ƙarti masu kulake a bakin ƙofa. Ta ce mijinta take nema, ɗiyarta na son jini. Suka ce yau ba ranar bara ba ce. Ta tsaya tana ƙwala kiran sunana, kai kuma kana kan kujera kana jawabi a kan tausayin talaka. Inna Dije kaɗai ta san inda aka kai mu, ita ma kun tura ta bayan gida tana tuƙa wa baƙi tuwo. Sai da wata mai wanke-wanke ta gaya mata, ta yar da muciya ta fito, ta tari mai keke ta aiko shi.

Na baro tsohuwata da yaron a hannun wani mutumin Dandin Mahe, na iso da la'asar sakaliya. Sun ɗebi jinin. Ba a gama ƙara mata rabinsa ba Allah ya karɓi abinsa.

Ranka shi daɗe, ni Musulmi ne. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, ban ce kai ka kashe mini ɗiya ba. Amma Wanda ya rubuta ajali shi ne ya ce zai tambayi kowa amanar da aka ba shi. Mi ya hana a yi bikin muna ciki? Kunyarmu kuka ji? Tsummokaranmu ne ba su dace da hoto ba? An ce mini kun shimfiɗa sababbin katifu a ɗakunanmu, kun zaunar da matan jam'iyya da goyo a matsayin masu jinya, baƙo na fita aka naɗe katifun aka mayar kanti. An kuma kafa allo mai sunanka daidai inda sunan Hajiya Kulu yake. Wane bulo ka ɗora a gidan nan?

Na huɗu. Inna Dije ta faɗi wannan magana a gaban kwamiti, kuka ce tsufa ya taɓa ta, kuka karɓe makullai. Yanzu tana Shagari gun ɗan ƙanenta. Ni kuma kuka aiko mini da buhun shinkafa na ta'aziyya. Na ɗora shi a mota na kai Gidan Masu Jinya, na ajiye wa masu shi. Kada a sake aiko mini da komi.

Ga abin da nake nema. A mai da Inna Dije bakin aikinta. A cire allon nan. A rubuta a bango da boko da ajami cewa ba za a sake fitar da mai jinya daga gidan ba don bikin kowa, ko wane ne shi. Sakatarenka kuwa, mutanen garuruwan nan biyu su zauna su duba ko ya cancanci riƙon amanar marasa lafiya.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi mini duka. Tun da muka komo gida Hajo ba ta cin abincin kirki. Tana cikin daka sai ta tsaya ta ce mini da ta ƙara ɗaga murya, da ta kutsa cikin ƙartin nan ko da za su fasa mata kai. Ta ɗauki laifin ta aza wa kanta. Na faɗa mata, liman ya faɗa mata, ba ta ji ba. Lambara ba nisa gare ta ba, lokacin neman ƙuri'a ka san hanya. Ka zo ba da makaɗa ba, ka tsaya a zaure, ka ce mata da bakinka ba ita ta gaza ba.

Allah shi ba ka ikon yin haka tun kana da rai. Allah shi raya maka 'ya'yanka, shi tsare su daga ciwo, shi shirye mu baki ɗaya.

Wassalam.

Garba, mahaifin marigayiya Saratu,
Lambara.